Alkawari Ba Ya Tsufa: Yadda Littafi Mai Tsarki Ya Shigo Harshen Hausa

A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen Hausa, tun daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. Yaron da ya tashi ya tarar da littafin a kan teburin mahaifinsa, ko a jakar mahaifiyarsa ranar taron zumuntar mata, yakan ɗauka tun fil azal yana nan. Amma daga ranar da aka soma tattara kalmomin Hausa saboda wannan aiki zuwa ranar da aka kammala shi, shekara 91 ce cur, kuma galibin waɗanda suka sa hannu a farkonsa ƙasa ta rufe idonsu ba su ga ƙarshensa ba.

Mu Kirista mun saba cewa Allah mai aminci ne, abin da ya faɗa sai ya cika. Muna faɗin haka a waƙa, a wa'azi, a gaisuwar makoki, har maganar ta kusa zama sabon baki. Tarihin wannan littafi yana maido mata da nauyinta, domin a cikinsa ana iya bin sawun cikar alkawari shekara bayan shekara, a ga jinkirin da aka yi, a ƙirga kaburburan da ke bakin hanya, a kuma ga kurakuran mutanen da aka yi aikin ta hannunsu.

Ma'aunin da Littafin ya kafa

Littafi Mai Tsarki bai taɓa koyar da cewa alkawarin Allah na gaggawa ne ba. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran da alkawarin ƙasa da zuriya, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Ranar da Ibrahim ya rasu kuwa, abin da ya mallaka a ƙasar da aka yi masa alkawari bai wuce filin da ya saya da kogon Makfela don binne Saratu ba. Yusufu ya mutu a Masar yana da iko, amma ya rantsar da 'yan'uwansa su tafi da ƙasusuwansa ranar fita. A zamanin Musa aka ɗauke su, sai bayan an shiga ƙasar aka binne su a Shekem. Irmiya ya sayi gona a Anatot alhali rundunar Babila ta kewaye Urushalima, ya sa aka adana takardar cinikin a tukunyar ƙasa, don ya gaskata za a komo. Sura ta 11 ta wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta jera mutane irin waɗannan, waɗanda suka mutu abin da suke jira bai shiga hannunsu ba.

Alkawarin da mutanen wannan tarihi suka riƙe yana ƙarshen bisharar Matiyu, inda Yesu ya aiki almajiransa ga dukan al'ummai tare da tabbacin ba zai rabu da su ba, da kuma littafin Ru'ya, inda aka nuna masu kowane harshe a gaban kursiyin Allah. Sun karanta wannan, suka ce ashe Hausa ma tana ciki.

Jiragen 1841

A 1841 gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa uku, Albert da Wilberforce da Soudan, su haura kogin Kwara. Manufarta ita ce ta ƙulla yarjejeniya da sarakunan bakin kogi a kan daina cinikin bayi, ta buɗe hanyar fatauci da noma. Ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wadda aka sani da CMS, ta sa mutum biyu cikin ayarin. Ɗaya shi ne James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki a Saliyo. Ɗayan kuma Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe da aka kama bawa yana yaro, jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi a teku a 1822. A Saliyo akwai Hausawa cikin bayin da aka 'yanta, kuma a bakinsu Schön ya soma jin Hausa.

Tafiyar ta ƙare da makoki. Zazzaɓi, wanda a lokacin ba a gano sauro ke kawo shi ba, ya kashe Turawa fiye da 40 cikin 'yan watanni. Gonar gwaji da aka kafa a mahaɗar Kwara da Binuwai ta watse. A Ingila aka yi ta zagin waɗanda suka shirya tafiyar. Schön ya fito da rai da ƙyar, amma ya fito da takardunsa, kuma a 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa da ƙa'idojin nahawunta. Rashin lafiya ya tilasta masa barin Afirka, ya koma aikin limanci a wani asibiti a garin Chatham na Ingila. Ƙafarsa ba ta taɓa taka Kano ko Katsina ko Zariya ba.

Yaron Damagaram

Taimakon da Schön yake bukata ya zo masa ta hanyar da ba wanda zai iya shiryawa. Wani yaro mai suna Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram, mahara sun kama shi suka sayar. Baturen Jamus Adolf Overweg ya 'yanta shi a Barno, da Overweg ya rasu a 1852 sai yaron ya koma hannun Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim. Dorugu ya bi Barth har Tambutu, ya ƙetare Sahara tare da shi, suka isa Ingila a 1855 da abokinsa Abbega, mutumin Margi. A can ya zauna a gidan Schön na tsawon shekaru.

Daga bakin wannan yaro Schön ya rubuta tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, kuma da taimakonsa fassara ta kankama. Bisharar Matiyu ta fito a 1857, Farawa a 1858, Fitowa a 1859. Littafin nahawu ya biyo baya a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari gaba ɗaya a 1880, sai Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo gida a 1864, ya yi tsawon rai har ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, ya rasu a 1912.

A shekarar 1864 ɗin nan aka naɗa Crowther bishop a Canterbury, baƙar fata na farko da cocin Ingila ya ba wannan muƙami. A cikinta kuma likita William Baikie ya rasu a Saliyo a kan hanyarsa ta komawa gida. Shi ne wanda ya nuna a wata tafiya da ya yi a kogin Kwara a 1854 cewa shan kwinin kullum yana kare rai, domin ba a rasa ko mutum ɗaya a jirginsa ba. Ya zauna a Lakwaja, ya je Kano, ya fassara Zabura, wadda ba a buga ba sai shekaru bayan mutuwarsa.

Gaskiya ita ce fassarar Schön ba ta sami masu karatu ba. Hausarta ta yaron da ya bar gida da wuri ce haɗe da ta mutanen Saliyo, kuma da haruffan boko aka buga ta a zamanin da masu karatu a ƙasar Hausa ajami suka sani. Schön ya rasu a 1889 bayan kusan shekara 50 yana wahala a kan harshen mutanen da bai zauna cikinsu ba. Duk wanda ya zo bayansa dai da ƙamusunsa ya fara.

Lakwaja, 1890

A 1890 wasu samari daga Ingila suka sauka Lakwaja da niyyar kutsawa ƙasar Hausa, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson ne a gaba. Suka sa riga da rawani, suka duƙufa koyon Hausa, suka ce ba sa son kariyar gwamnatinsu. Himmarsu ba ta da shakka. Amma tarihi ba zai ɓoye abin da suka yi wa dattijo Crowther ba. Sun zo da raini ga ma'aikatan Afirka da suka riƙe mishan ɗin Kwara shekara da shekaru, suka tuhume su, suka dakatar da wasunsu, har a taron Anaca na watan Agusta 1890 aka ci mutuncin bishop a gaban idonsa. Crowther ya rasu a Legas a ranar ƙarshe ta 1891 da baƙin cikin wannan abu, kuma aka daɗe ba a sake ba ɗan Afirka jagorancin wannan yanki ba.

Su ma samarin ba su daɗe ba. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiya ta nazarin Hausa a Ingila, ita ce ta turo ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya tattara rubuce-rubucen ajami, ya koma ya koyar da Hausa a Jami'ar Kambirij, ya kuma wallafa ƙamus. Aikin ya ci gaba, amma tabon abin da aka yi wa Crowther bai goge ba, kuma bai kamata a goge shi ba. Amincin Allah bai taɓa zama shaidar cewa bayinsa sun yi daidai ba.

Kaburburan Girku

Ranar 4 ga Disamba 1893 wasu samari uku suka sauka Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Babu wata babbar ƙungiya a bayansu, kuɗinsu kuma kaɗan ne. Abin da suke kira Sudan shi ne faɗin ƙasar da ke kudu da Sahara, daga yamma har kogin Nilu, kuma ƙasar Hausa suka nufa. Wani babban ɗan mishan a Legas ya gaya musu ba za su ga wannan ƙasa ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai dai ko jikokinsu.

Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, aka bar shi a Legas yana aika musu kaya. Gowans ya kai har ƙasar Zazzau a zamanin da hare-haren neman bayi suka addabi yankin, ya rasa kayansa, ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu a garin Girku a watan Nuwamba 1894. Kent ya rasu a Bidda a watan Disamba. Shekara ɗaya da saukarsu, biyu suna kabari, ba su yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba.

Bingham ya koma Kanada a 1895 ya kai wa mahaifiyar Gowans 'yan kayan ɗanta. Ita ce tun farko ta zaunar da shi a gidanta ta ba shi labarin wannan ƙasa, kuma da ya kawo mata labarin mutuwar ba ta yi da-na-sanin tafiyar ɗanta ba. Shi Bingham ne ya shiga ruɗu. Ya tafi Afirka yana riƙe da koyarwar da ke cewa mai bi na gaskiya yana da alkawarin warkewa daga kowace cuta, ga shi kuma ya bar abokansa biyu a ƙasa. Shi da kansa ya ba da labarin yadda bangaskiyarsa ta girgiza har tushe. Bai bar bangaskiya ba. Ya koma ya sake binciken Littafin, ya gane cewa ya ɗora wa Allah maganar da Allah bai yi ba: an yi masa alkawarin za a kasance tare da shi, ba a yi masa alkawarin zazzaɓi ba zai kama shi ba. Daga baya har littafi ya rubuta a kan abin da Littafi Mai Tsarki yake koyarwa game da ciwo da warkewa.

A 1900 ya sake zuwa, zazzaɓi ya sake kwantar da shi a Legas, aka mai da shi gida, abokan tafiyarsa su ma suka juya. Sai a karo na uku, a 1902, mutanen da ya turo suka kafa tasha a Patigi, ƙasar Nupe. Wannan ne mafarin mishan ɗin da aka sani da SIM. A shekarar ce kuma Andrew Stirrett, mai kantin magani a Toronto, ya rabu da dukiyarsa ya taho. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Ya nace wa abokan aikinsa da shan kwinin, ya yi wa'azi da Hausa a kasuwanni da zangon fatake, ya shiga aikin fassara, ya rasu a Jos a 1948.

Kano da Zariya

Ana cikin haka CMS ta sake ɗaura ɗamara. Ta tura samari Tarabulus su koyi Hausa a wurin fatake da alhazai mazauna can, cikinsu har da likita Walter Miller. A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar har birnin Kano. Sarkin Kano Alu ya karɓe su a fada, ya ji abin da ya kawo su, ya ba su 'yan kwanaki su bar garin. Mai adalci ba zai ga laifin sarki ba. A farkon wannan shekara Lugard ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, sojojinsa suna matsowa, kuma ba abin da zai nuna wa mutumin Kano bambanci tsakanin Bature mai littafi da Bature mai bindiga.

Ayarin ya ja da baya zuwa Girku, garin da Gowans ya rasu shekara shida kafin nan. A can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, aka mai da wani kuma gida ba lafiya. Girku ta karɓi gawa ta biyu.

Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris. Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin gwamnati ba za ta shiga harkar addininsu ba, kuma bisa wannan aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Miller ya sami izinin zama cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Mutum ne da ya ji Hausa kamar jakin Kano, har gwamnati takan sa shi jarraba jami'anta. Mutum ne kuma mai zafin rai da saurin yanke hukunci, mai sa baki a harkar sarauta, rigimarsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ba ɓoyayya ba ce. Shekaru suka shuɗe, waɗanda suka karɓi bangaskiya a hannunsa ba su da yawa. Abin da bai fasa ba shi ne zama da malaman Hausa da ɗalibansa ana juya aya ɗaya bayan ɗaya, ana neman yadda Bahaushe zai faɗe ta.

Isawa da garin Gimi

A 1913 wasu baƙi suka yi sallama a gidan Miller da wani labari mai ban mamaki. Kamar yadda zuriyarsu suke bayarwa, a tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa, har ya tara almajirai. Hukumomin birnin suka ga koyarwarsa ta kauce, aka kashe shi a kasuwa wajen 1867. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu zuwa Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci. Ba Kirista ba ne a lokacin, ba su kuma taɓa ganin Linjila ba. Abin da suka riƙe shi ne wasiyyar malaminsu cewa wata rana za a zo musu da littafin da zai ba su cikakken labarin Isa. Suka jira fiye da shekara 40, iyaye suna mutuwa suna bar wa 'ya'ya maganar.

Ba dukan Isawa ne suka bi Miller ba, amma waɗanda suka bi sun taru a wani wuri da ake kira Gimi, a ƙasar Zazzau, suka kafa gari na mutum fiye da 100, da gonaki da makaranta da majami'a. W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, shi ne ya zauna tare da su. Ga waɗanda suka sha wahalar shekarun baya, Gimi ita ce amsar addu'a.

Sai ciwon barci ya shigo. Ƙudan tsando ya yi yawa a rafukan wurin, maganin kirki kuma babu a lokacin. Cikin 'yan shekaru cutar ta cinye mutanen garin da yawa, aka tashi aka bar shi kufai. Wannan shi ne wuri mafi wuya a duk tarihin nan, kuma ba daidai ba ne a yi saurin wuce shi. Mutane ne da suka gaji jira daga iyayensu, suka ga abin da ake jira da idonsu, suka bar dangi da gonaki saboda shi, sa'an nan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Babu wani bayani da zai mai da wannan ƙaramin abu, kuma masu Zabura da littafin Makoki ba su taɓa hana mai bi yin kuka a gaban Allah ba.

Waɗanda suka tsira, musamman yaran da ke makarantar Zariya, su ne suka zama ginshiƙin jama'ar da ta koma Wusasa a 1929, lokacin da mishan ya fita daga cikin ganuwar birni. A can magina Hausawa suka gina majami'ar Bartholomew da tubali da azara, da bakan gizo irin na soron sarakuna, tana nan har yau. Daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Daga zuriyar Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa kuma Yakubu Gowon ya tashi, inda mahaifinsa, mutumin Angas, yake aikin bishara.

Hanyar da ba a zata ba

Da ƙofar masarautu ta rufe, sai 'yan mishan suka juya ga kabilun tsakiyar ƙasa. Mishan ɗin SUM ya sauka Wase a 1904 ƙarƙashin Karl Kumm, daga nan ya bazu zuwa Langtang da Wukari da kan dutsen Filato. Mutanen Denmak suka isa Numan a 1913. Mutanen Ekklesiyar 'Yan'uwa daga Amurka suka yi sujadarsu ta farko a gindin tsamiya a Garkida a watan Maris 1923. SIM ta ƙetara Damagaram a 1924, ƙasar da aka sace Dorugu. A waɗannan wurare harsuna sun fi a ƙirga, kuma harshen da ya haɗa kasuwanninsu shi ne Hausa.

Saboda haka da Littafin ya fito a 1932, Miller ne babban mai fassara, tare da kwamitin da ya haɗa mutanen SIM da SUM da mataimaka Hausawa, sai ya tarar da masu jiransa a inda su Schön da Brooke ba su taɓa tunani ba. Birom da Tarok da Angas, Jukun da Bachama, Bajju da Jaba, Tangale da Bura, su ne suka rungume shi. A 1934 aka buɗe makarantar Gindiri don horar da masu bishara da Hausa. A 1938 aka naɗa Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot fastoci. Waɗannan da ɗaruruwan masu bishara, manoma da ke noma da safe su koyar da karatu da yamma, su ne suka kai littafin ƙauyukan da Bature bai taka ba.

A cikin masarautun kuwa, aikin jinyar kutare ne ya buɗe hanya a shekarun 1930, a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Asibitin Galmi a Nijar ya buɗe a 1950. Bingham ya rasu a 1942, ya ga ɗaruruwan ma'aikata a ƙasar da aka ce ko 'ya'yansa ba za su gani ba. Miller ya rasu a 1952. A 1954 majami'un SIM suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA, a 1955 na SUM da 'yan'uwansu suka haɗu a Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda yau ake kira TEKAN. Daga shekarun 1970 Maguzawa da yawa a ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau suka karɓi bangaskiya, suka karanta littafin da harshen da aka yi musu goyo da shi. A 1979 aka fito da sabuwar fassara da Hausar zamani.

Abin da tarihin ya bari a hannunmu

Maƙwabcinmu Musulmi zai karanta wannan tarihi da wani ido dabam, kuma yana da haƙƙin haka. Masanin tarihi ma zai kawo dalilansa: kwinin, da jirgin ƙasa, da mulkin mallaka, da yaɗuwar Hausa a kasuwanni. Mai bi ba ya musun ko ɗaya daga cikinsu. Littafin da yake karantawa ya nuna masa Allah yana cika maganarsa ta hanyar yunwar Masar da umarnin Sairus sarkin Farisa da ƙidayar Kaisar Augustas. Abin da yake gani a nan shi ne, sau da yawa aikin ya kai inda hankali zai ce ya mutu, a 1841, da 1892, da 1894, da 1900, da kufan Gimi, kuma kowane karo sai a sami wanda ya ɗauka daga inda aka ajiye, galibi mutumin da ba shi aka sa rai ba.

Wannan fahimta tana da amfani a zamanin da ake sayar da alkawarin Allah kamar hajar kasuwa, ana gaya wa mutane cewa mai bangaskiya ba ya ciwo, ba ya talauci, ba ya binne ɗa. Bingham ya gwada wannan koyarwa a jikinsa, ta kusa raba shi da Ubangijinsa. 'Yan'uwanmu na EYN, jikokin waɗanda suka taru a gindin tsamiyar Garkida, sun ga an ƙona majami'unsu, an sace 'ya'yansu a Chibok, an ƙwace hedkwatarsu ta Kwarhi a 2014. Wanda zai yi musu maganar amincin Allah dole ya yi ta da ma'aunin Irmiya da mutanen Gimi, in ba haka ba maganarsa ba za ta tsaya a gabansu ba. Sun koma Kwarhi, sun sake gini, suna sujada.

Isra'ilawa ba su koya wa 'ya'yansu amincin Allah da gardama ba. Tarihi suke karanta musu, da sunaye da wurare, kamar yadda ake gani a Zabura ta 105 da ta 136 da addu'ar da ke cikin Nehemiya sura ta 9. Mu ma muna da namu, amma rabinsa kawai aka rubuta. Littattafan mishan sun adana sunayen Turawa da ranakun mutuwarsu. Sunayen malaman da suka zauna da Miller suna gyara masa Hausa, da masu bisharar da suka yi tafiyar kwana da kwanaki a ƙasa, da matan da suka kafa zumunta a ƙauyuka, yawancinsu suna bakin tsofaffi ne kawai, tsofaffin kuwa suna tafiya. Kowace majami'a da ke karanta Littafin da Hausa tana da bashin ta zaunar da dattawanta, ta tambaye su wa ya fara kawo maganar garinsu, a wace shekara, me ya same shi, ta rubuta ta ajiye. Yaran da za su fuskanci nasu jinkirin da nasu makokin za su bukaci wannan shaida, kuma ba wanda zai rubuta musu ita in ba mu ba.